KAFIN KA ƊORA DASHEN LEMU A MOTAR POTISKUM

Manyan motocin da ke sauke shanun Potiskum a Ikko da Badun da Fatakwal ba su komawa gida wofi. Ana labta musu katako da kwanon rufi da manja da goro, kuma in ka leƙa wani lungu na bodin, sau da yawa za ka ga 'yan baƙaƙen ledoji biyu ko uku, kowace da ɗan dashen itace a ciki, an ɗaure su da igiya kada su kife. Saƙo ne. Wani ɗan'uwanmu ne da ya yi shekara da shekaru yana neman abinci a Kurmi, Allah ya hore masa ya ɗora gini a gida, yanzu kuma yana son in ya koma ya ga kore a tsakar gidansa kamar yadda idonsa ya saba gani a nan.

Niyya ce mai kyau, ba mai kushe ta. Sai dai da yawa daga cikin waɗannan 'yan itatuwa ba su ganin damina ta biyu. Maigida ya je hutun Sallah ya tarar da busasshen tsinke tsaye cikin kewayen bulo, ya hau faɗa da mutanen gida, su ce ƙasar ce ba ta karɓa, shi kuma ya ce lalaci ne, a tashi kowa ransa a ɓace. Alhali kuwa ƙasar Potiskum tana karɓar lemun tsami, wanda duk ya shiga gidajen garin da lambunan da ke kewaye ya gani da idonsa. Mutuwar wannan dashe tun daga ranar da aka saye shi take farawa.

Lemun tsami muka zaɓa mu yi magana a kansa domin shi ne ya fi dacewa da irin gidajen da ake ginawa yanzu. Tun da aka dawo da fadar Sarkin Fika Potiskum a 1924 garin yake ta faɗi, balle bayan da aka yanke Jihar Yobe daga Barno a 1991, har ya zama filin da mutum zai samu a sababbin unguwanni bai fi ƙafa 50 da 100 ba, wani ma rabin haka. In ka dasa mangwaro a irin wannan fili, bayan shekara goma kai da shi za ku yi rabon gida, saiwarsa kuma ta shiga neman katanga da masai. Lemun tsami kuwa tsayinsa ba ya wuce mita uku zuwa biyar, ba ya kaɗe ganye da rani, kuma ba ranar da uwargida ba ta da bukatarsa, ko a kunun gyaɗa, ko a zoɓo, ko a shayi, ko wajen wanke kifi da kayan ciki, ko kwaɓin lalle. Watan azumi ba sai an faɗa ba, kowa ya san yadda ake rububinsa a kasuwa. Aibinsa ɗaya ne, ƙaya, saboda haka ba a dasa shi a inda yara ke guje-guje.

To, abin da ya kamata ɗan'uwa mazaunin Kudu ya fara sa wa ransa shi ne, itacen da ya gani yana yabanya a bayan gidan haya a Agege ko Shagamu ba wanda yake ba shi ruwa, sama ce take ba shi. Ikko tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,500 a shekara, Badun kuma wajen 1,200, ana kuwa yin sa wata bakwai ko takwas. Potiskum abin da take samu yana tsakanin 600 da 800 ne, kuma kusan dukansa daga Yuni zuwa Satumba yake zuba. Lemu yana bukatar wajen milimita 900 zuwa 1,200, a rarrabe cikin shekara. Watau daga Oktoba har zuwa ƙarshen Mayu, wata takwas cur, hannun ɗan Adam ne daminarsa. A cikin waɗannan watanni akwai hunturu mai tsotse ganye, sa'an nan ga bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 cikin Afrilu.

Asalin lemun tsami daga kudu maso gabashin Asiya yake, 'yan kasuwar Larabawa suka yaɗa shi zuwa Misira da sauran ƙasashen Arewacin Afirka, sunan ma da muke kiransa da shi daga laimun na Larabci ya fito. Turawan Ingila sun ba shi daraja ne saboda wata cuta da ke kama matuƙan jiragen ruwa in sun daɗe ba su ci ɗanyen abu ba, dasashi ya riƙa zub da jini, haƙora su girgiɗe. A 1867 aka yi doka a Ingila cewa jiragen 'yan kasuwa su riƙa ba ma'aikatansu ruwan lemu. A kan wannan ciniki wani kamfani mai suna Rose ya bunƙasa, har ya zo ya kafa harkar lemun tsami a ƙasar Gana, kusa da Cape Coast, cikin shekarun 1920, manoman wurin suka dasa gonaki masu yawa suna sayar masa.

Ba don tarihi kawai muka kawo wannan ba. Wajen ƙarshen shekarun 1930 sai itatuwan nan na Gana suka shiga bushewa daga kan rassa, gona bayan gona, manoma suka rasa dalili. Sai a 1949 wasu masana biyu, Hughes da Lister, suka bayyana cewa ƙwayar cuta ce ta bairos, wadda wasu ƙananan baƙaƙen ƙwari masu tsotson tohon ganye ke ɗauka daga wannan itace zuwa wancan. Ita ce cutar da ake kira tiristeza, ma'anar sunan kuwa baƙin ciki, domin ta kashe miliyoyin itatuwan lemu a Barazil da Ajantina. Lemun tsami yana cikin waɗanda suka fi saurin kamuwa da ita, kuma ba ta da magani. Bugu da ƙari, a 2020 masu bincike suka ba da rahoton ganin wani ƙwaro ɗan Asiya a Jihar Oyo, wanda aka sani da yaɗa wata muguwar cutar lemu da ta durƙusar da manoman Fulorida a Amurka. Dashen da ka saya a bakin titi a Kudu, mai ganye kore shar, yana iya ɗauke da ciwon da ido ba ya gani, ka kai shi gida ka raba wa lemun maƙwabta.

Saboda haka shawararmu a nan ba ta da kwana-kwana: bar dashen Kurmi a Kurmi. Ko da lafiyarsa lau, kwana biyu ko uku a bayan mota, tafiyar fiye da kilomita dubu cikin iska da rana, ta isa ta galabaitar da shi, ga shi kuma an rene shi a inuwa da laima, bai san hunturu ba. Aika da kuɗi a saya maka a gida wurin masu renon dashe, ko a tambayi malaman gona na ƙaramar hukuma. Wanda yake son irin da aka tantance, akwai cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, wadda aka kafa a Badun a 1975, tana da rassa a Arewa, a Bagauda ta Jihar Kano da Daɗin Kowa ta Jihar Gwambe, kuma yanayin waɗannan wurare ya fi kusa da namu.

Akwai hanya biyu, ko a shuka ƙwallo ko a sayi mai aure. Mai aure shi ne wanda aka ɗauko idon lemun tsami aka manna a jikin wani lemu mai ƙarfin saiwa, galibi irin nan mai kaushin ɓawo, wanda yake jure ƙasar rairayi da ƙishi. Da irin wannan aure ne aka farfaɗo da gonakin Gana. Yakan fara 'ya'ya cikin shekara biyu zuwa uku. Na ƙwallo yakan ɗauki shekara huɗu ko biyar, ya kuma fi ƙaya, amma yana da abu biyu da ba a raina su. Na farko, tiristeza ba ta bin ƙwallo. Na biyu, lemun tsami ba kamar mangwaro ba ne da za ka shuka mai daɗi ya fito maka da mai zare. Yawanci yadda uwar take haka ɗan yake fitowa. A samo nunannen lemu daga itace mai lafiya, a wanke ƙwallayen a shuka su nan take cikin leda, kada a bari su bushe, domin in sun bushe ƙarfinsu ya tafi. Cikin mako biyu zuwa huɗu za su tsiro, wani ƙwallon ma ya fito da biyu ko uku. A bar mai ƙarfi, a rene shi a inuwa har ya kai tsawon kamu ɗaya ko fiye. Mai haƙuri, wanda kuma kuɗinsa bai kai ba, wannan ita ce tasa.

Lokacin dashe kuwa a nan ne yawancinmu muke faɗawa rami. Mutum yana son ya dasa da hannunsa, to yaushe yake gida? Da Sallah, ko ƙarshen shekara in kasuwa ta lafa. Sallah kuwa ba ta bin damina, kowace shekara tana jawo baya da kwana goma sha ɗaya. Wanda ya dasa lemu a Disamba ko Maris ya jefa jariri cikin wuta. Ba a dasawa sai ruwa ya zauna sosai, ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, domin ya sami wata biyu ko uku yana kafa saiwa kafin sama ta ɗauke. In ba za ka kasance gida a lokacin ba, haƙa ramin da ka zo, ka bar wa wani amanar dashen.

A zaɓi wurin da rana ke samu, a ba katanga tazarar mita biyu ko uku. Kada a kai shi ƙarƙashin dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina. Wannan itace tun da aka kawo shi Lardin Barno a 1928 ya zama kamar ɗan ƙasa, ya kuma yi mana rana, amma saiwarsa tana tafiya nesa, duk ruwan da ka zuba wa lemu ita za ta riga shi sha. Rami ya kai ƙafa biyu faɗi, ƙafa biyu zurfi. In an tarar da marmara a ƙasa a fasa ta, in ba haka ba ruwa ya kwanta saiwa ta ruɓe. Ƙasar sama a ware ta gefe, a gauraya ta da taki kwano biyu ko uku na awo babba, ko bokiti guda, a mai da ramin a bar shi mako biyu ko uku ya lafa.

Taki dai mutumin Potiskum ba ya kukansa, garin da karar shanunsa ke cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Amma fa wanda ya ruɓe ake so, wanda ya kwana damina ya koma baƙi yana marmashewa a hannu. Ɗanyen kashin shanu yana ƙona saiwa, kuma gayyatar gara ne.

Ranar dashe a bari sai la'asar. A yanke ledar da reza, kada a fasa ƙasar da ke riƙe da saiwa, a ajiye shi daidai zurfin da yake cikin leda, ba a binne wuyansa. In mai aure ne, gaɓar auren ta kasance sama da ƙasa da kamar tsawon tafin hannu. Sa'an nan a yi masa kewaye biyu: ɗan tudu a jikin gindi, kwarin zuba ruwa kuma daga waje. Dalili shi ne lemu ba ya son ruwa ya riƙa kwanciya a jikin kututturensa. In ana yi masa haka sai ka ga ɓawon gindi ya tsage yana fid da wani abu kamar ƙaro, daga nan ganye ya yi rawaya, itace ya tafi. Mutanenmu da yawa sun kashe lemunsu da ƙauna, suna kwarara masa ruwa a wuya safe da yamma.

Yanzu sai babbar magana, watau ruwan rani, kuma gara a yi lissafinsa tun kafin a haƙa rami. Ƙaramin dashe yana bukatar jarka guda mai lita 25 duk bayan kwana uku daga Oktoba zuwa Fabrairu, wannan jarka 50 ke nan. Daga Maris zuwa Mayu sai an koma duk bayan kwana biyu, wajen jarka 46. Jimla kusan jarka ɗari, watau kamar kura goma ta 'yan ga-ruwa. In gidanka da rijiya ko kuna kusa da burtsatse, to madalla. In kuwa sayen ruwa ake yi, ka sa wannan cikin kuɗin cefanen da kake aikawa, ka kuma faɗi sunansa. Ba adalci ba ne ka bar mace da 'ya'ya biyar da jarka huɗu a rana, sa'an nan ka zo kana tambayar me ya sa ba a ba lemu ba. In ruwa ya yi wuya, yaro za a fara ba, kuma haka ya kamata.

Akwai dabarun rage wannan nauyi. A samo tulu ko ƙaramar randa ta ƙasa wadda ba a shafa mata komai ba, a binne ta har wuya kamar taki ɗaya daga gindin, a riƙa cika ta ana rufe bakin. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali daidai inda saiwa take, rana ba ta sha ba, kuma ko yaro yana iya duba ta ya ga ko ta yi ƙasa. Wasu kuma sukan dasa lemun kusa da inda ake alwala, su ja ɗan kwari zuwa kewayen waje, buta biyar ta maigida da ta baƙi ba ƙaramin ruwa ba ne. Ruwan wankin hatsi da na ɗaurayar kwanuka shi ma yana yi. Wanda ba a so shi ne ruwan wanki mai omo da bilic, da ruwan da ke da gishiri ko kanwa, domin lemu yana cikin itatuwan da gishiri ke saurin ƙona wa bakin ganye. A kuma lulluɓe kewayen da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko ganyen dogon yaro, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da kututture saboda gara.

Sa'an nan a damƙa shi hannun mutum ɗaya, da sunansa. Abin da aka ce na kowa ne, ba na kowa ba ne. Mun ga yadda ake bikin dashen itatuwa tun bayan farin 1973 da na 1984, manya su zo da babbar riga su dasa, a ɗauki hoto, a watse, bayan wata uku ko kara babu. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukuma sukutum a 2015 domin aikin katangar itatuwa ta tare hamada, Yobe tana cikin jihohi goma sha ɗaya da aikin ya shafa, amma har gobe abin da ke raya dashe shi ne wanda zai ɗauki jarka ranar da ba mai kallo. In tsohuwarka tana gida kuma tana da sauran ƙarfi, ba wanda ya fi ta, tsofaffi ba su manta abin da aka ba su amana. In ƙaninka ne ko almajirin gida, yanka masa ɗan abin sabulu duk wata, ka ce ya turo maka hoton itacen ta waya kowace Juma'a. Daga hoton za ka gane: in ganye ya naɗe kamar kunnen ɓera da safe, ƙishi ne.

Akuya kuwa ba ta jin kunyar ƙaya, toho ɗaya take jira. A kewaye dashen da bulo mai ramuka ko waya ko ƙayar magarya tun ranar farko, ba washegari ba. Da hunturu a kafa masa zana ta gefen arewa maso gabas inda iska ke bugowa, da bazara kuma a ɗan yi masa rumfa ta kara a shekarar farko, yadda zai sami ranar safe ya tsira daga ta azahar.

Da damina za a ga wata tsutsa a kan sabon ganye, tana ƙarama kamar kashin tsuntsu, in ta girma ta koma koriya. 'Yar malam-buɗe-littafi ce, kuma biyu ko uku sun isa su cinye ƙaramin dashe tas cikin 'yan kwanaki. Ba sai an sayi magani ba, a tsince su da hannu a ba kaji. In ƙananan ƙwari sun taru a toho har ganye yana murɗewa, ko aka ga tururuwa tana hawa da sauka, a daka 'ya'yan dogon yaro rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita goma ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma. Wani abin kuma da mata ke yi da kyakkyawar niyya shi ne juye tokar murhu a gindi don korar gara. Kaɗan ba laifi, amma in ta yi yawa sai ta canja ƙasar, ka ga sabon ganye ya fito fari-fari, jijiyoyinsa kawai ne kore. Maganinsa a daina tokar, a ƙara ruɓaɓɓen taki. Takin zamani kuma rabin gwangwanin madara ya isa a shekarar farko, a barbaɗa shi can bakin kewaye lokacin da ƙasa ke da laima, ana ƙarawa yadda itacen ke girma.

Duk reshen da ya fito daga ƙasan gaɓar aure a cire shi tun yana ɗanye. Na uwar gindin ne, ya fi ƙarfi, in aka bar shi zai danne na sama, bayan shekara uku ka tsinci wani ƙaton lemu mai kaushi wanda ba shi ka saya ba. Haka kuma in dashe ya yi fure a shekararsa ta farko, a daure a zubar da 'ya'yan, ko da yake abin da wuya ga mai ɗoki. Itacen da aka bari ya yi goyo tun bai yi ƙwari ba yakan tsumbure.

In ya kai shekara huɗu ko biyar, saiwa ta yi zurfi, shayarwa takan koma sau ɗaya a mako, amma mai yawa. A nan kuma mutumin Arewa yana da wata dama da na Kurmi ba shi da ita. Lemu yakan yi fure ne in ya sha ƙishi sa'an nan ya sami ruwa. Tun da da rani ruwan a hannunka yake, kana iya janye shi mako uku zuwa huɗu har ganye ya fara laushi, sa'an nan ka ba shi taki ka shayar da shi sosai. Ba da daɗewa ba sai ya fashe da farin fure mai ƙanshi. Daga fure zuwa tsinka wata biyar ne zuwa shida, saboda haka mai son lemunsa ya nuna a wani lokaci na musamman, ko azumi ko lokacin da ya yi tsada a kasuwa, sai ya ƙirga baya da yatsunsa. Ba a yi wa ƙaramin dashe wannan, kuma ba a yin sa tsakiyar zafin Afrilu. Ana tsinkar lemun ne in fatarsa ta yi santsi, koren ya fara haske, ba sai ya yi rawaya ya faɗo ba.

Wanda kuma zamansa a Kudu ya yi nisa, yana gidan haya, yana son nasa a nan, sai ya juya abin da muka faɗa. Damuwarsa yawan ruwa ce, ba rashinsa ba. Ya sami rabin duro ya huhhuda gindinsa, ya zuba tsakuwa a ƙasa, ya cika da ƙasa mai rairayi da taki, ya ɗora shi kan bulo a inda rana ke samu. Ba zai yi girman na ƙasa ba, amma zai ba da na shayi, kuma ranar da mai gidan haya ya ce a tashi, mutum biyu sun isa su ɗora shi a mota.